Rautar tawa ce, me ya sa makullinta ke hannunku?

Abin da kamfanin intanet ɗin da ya jawo mana waya a Kubwa yake yi ya ishe ni haka. Ka sayi rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, da kuɗinka, ka biya na jawo waya, kana biyan na wata, amma a hana ka shiga saitin na'urar da ke cikin falonka. Wannan wane irin rainin wayo ne?

Data ta riƙa ƙarewa tun wata bai raba ba, kwamfutar yara kuma ta cika da tallace-tallacen da ba wanda ya nema. Mai gyara ya duba ya ciro manhajar leƙen asiri, irin mai kwashe abin da mutum ke rubutawa. Ya ce in duba rautar ma, don ɓarayi kan sauya adireshin DNS, tsarin da ke haɗa sunan shafi da inda shafin yake, ka rubuta sunan bankinka a kai ka shafin bogi. Na buga 192.168.1.1, shafin saitin rautar ya buɗe, na sa kalmar sirrin da ke manne a gindin na'urar. Abin da kawai aka bar min shi ne canza sunan Wi-Fi. Babu saitin katangar tsaro, babu na DNS, babu inda zan kashe WPS ko UPnP, hanyoyin sauƙaƙa haɗa na'urori da ɓarayi kan iya bi ta cikinsu.

Na kira su. "Alhaji, ka kashe ka sake kunnawa." Na ce 'yata, ba sabis na rasa ba, babban asusun da ke buɗe duk saitin rautar nake nema. Ta ce wannan na injiniyoyinsu ne. Injiniyan da ya zo kuwa a gabana ya shiga, kuma da bakinsa ya ce kalmar sirri ɗaya suke sa wa duk gidajen unguwar. Haba jama'a! Kun hana mai gida makulli, kun bar kwafinsa a hannun duk wanda ya taɓa yi muku aiki.

Ai da irin wannan sakacin muguwar manhajar nan mai suna Mirai ta yi ɓarna a 2016. Kalmomin sirrin da na'urori ke zuwa da su daga masana'anta ta riƙa gwadawa, ta tara rautoci da kyamarori, har Twitter da Netflix suka ɗauke wa mutane a Amurka. A 2018 wata muguwar manhajar mai suna VPNFilter ta kama na'urori kusan 500,000 a ƙasashe 54.

Kuma su daina cewa ai akwai katangar tsaro a ciki. Katangar rauta tana tare mai ƙwanƙwasowa ne daga waje. Manhajar da ta riga ta shiga wayar hannu, fita take da bayananka ba mai tare ta. Shi ya sa nake son ganin jerin na'urorin da ke kan layina da idona.

An amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 a farashinsu a farkon 2025, mun biya. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan. Zan kira 622 in kai ƙara NCC, hukumar da ke kula da kamfanonin sadarwa. Ko su ba ni babban asusun, ko su bar ni in haɗa rautar da zan sayo da kaina a Wuse.