Tambayar da wani tsohon Bajamushe ya yi mini a kufan Pompei

Shekarata tara a kudancin Italiya ina aikin jima a Solofra, garin da kusan kowane gida da fata yake cin abinci, amma ban taɓa leƙa Pompei ba sai watan jiya, alhali tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba. Ni a ganina kufai ai kufai ne. Mutum ya yi kwana shida yana shaƙar warin jima, ran Lahadi kuma ya ɗauki kuɗinsa ya kai wa wasu don su nuna masa bangon da ba rufi? 'Yata Ummi ce ta tasa ni gaba. Tana aji biyar na firamare, a nan kuwa shekarar da ake karantar da su tarihin Rumawa ke nan, tun da aka koma makaranta ta hana ni sakat. Mai sunan Hajiya kuma ba a yi mata gardama. Na biya.

Mu takwas ne a ƙaramar bas ɗin da ta ɗauke mu daga Salerno: wani tsohon Bajamushe da matarsa, wata Ba'amurkiya da ɗanta, 'yan mata biyu daga Koriya, sai ni da Ummi. Mai yi mana jagora wata dattijuwa ce 'yar Napoli, da katin shaida rataye a wuya, don a ƙasar nan ba ka isa ka tara baƙi kana ba su tarihi kana karɓar kuɗi ba sai ka ci jarrabawa an ba ka lasisi. Ta raba mana 'yan rediyo kowa ya maƙala a kunne, ko ta yi nisa kana jin ta kamar a gefenka take. Ta tambayi sunan kowa sau ɗaya, har muka rabu ba ta sake tambaya ba.

Ga waɗanda ba su sani ba, Pompei gari ne na Rumawa da dutsen Besubiyo ya yi aman wuta ya binne a shekara ta 79 Miladiyya, wato kusan shekara ɗari biyar kafin haihuwar Annabi (SAW). Toka da tsakuwa suka rufe shi, zurfin mita huɗu zuwa shida. Haka ya kwanta a ƙarƙashin gonaki har 1748 da aka fara tono, kuma har yau kusan kashi ɗaya cikin uku na garin yana binne.

Abin da ya fara kama ni ba gidajen masu kuɗi ba ne, titi ne. Baƙaƙen duwatsu ne manya aka jera, kana ganin sawun ƙafafun keken shanu ya ci dutsen ya yi kwari, ka sa hannu ka shafa, santsi. A tsakiyar titi an dasa wasu duwatsu masu tudu, biyu ko uku, mutum ya taka ya tsallaka ba tare da ya tsoma ƙafa a ƙazamin ruwa ba, an kuma bar tsakani daidai yadda keke zai wuce. Duk wanda ya taɓa tattare wando a Kurmi da damina ya san abin da na tsaya ina tunani. A mararraba ga famfunan unguwa na dutse, bakinsu ya side inda mutane ke dafawa su sunkuya su sha. Ga shagunan masu abinci, kantar dutse da ramuka inda ake dasa tukwane, talaka ya tsaya ya ci a tsaye ya wuce, kamar wurin mai ƙosai. Ga gidan burodi da duwatsun niƙa waɗanda jakai ke juyawa, jagorar ta ce a wani tandu an tarar da burodi 81 sun zama gawayi, mai su bai samu sukunin kwashewa ba. A jikin bango kuwa rubutu ne da jan fenti, ku zaɓi wane, mutumin kirki ne. Na yi dariya ni kaɗai. Ashe ɓata bangon mutane da sunan ɗan takara ba mu muka fara ba.

Da matar ta ji sana'ata sai ta karkata da mu wajen Ƙofar Stabiya, ta ce akwai abin da za ta nuna mini. Majema ce. Ramukan jima goma sha biyar a jere, zagayayyu, ga wurin kankare fata a gefe. Na tsaya a kansu na kasa magana, don idona Karofin Ƙofar Mata yake gani, da majemar da na koyi aiki ina yaro. Ba domin mu takwas ne kawai ba, da ban ga wurin nan ba. Na ga masu tafiya mutum arba'in a bayan tuta ɗaya, ana kora su kamar awaki, wa zai karkata da su saboda majemi guda?

Bari in gyara wani abu da ake yawan turowa a WhatsApp, wai ga mutanen da suka zama duwatsu. Na gan su da idona. Ba duwatsu ba ne. Toka ce ta rufe gawarwakin ta daskare, naman ya ruɓe ya bar rami da siffar mutum. A 1863 wani masani mai suna Giuseppe Fiorelli ya fara zuba ruwan farar ƙasa a ramukan, irin wadda asibiti ke ɗaure karaya da ita, in ta bushe a fasa tokar sai ga mutum yadda ajali ya same shi. A wani lambu akwai goma sha uku a kwance, har da yara. Ummi ta riƙe hannuna gam. Ni dai salati kawai nake yi. Wa'azin da ke wurin ya isa, ba sai an ƙara masa ƙarya ba.

To, a gindin bishiya kusa da filin wasansu, wanda aka ce yana cin mutum dubu ashirin, muka zauna cin abincin rana. Nan tsohon Bajamushen ya juyo, cikin ladabi ƙwarai, ya ce da ni, a ƙasarku akwai wani abu mai daɗewa irin wannan kuwa?

Raina ya ɗan sosu, amma ai ina da amsa. Na gyara zama. Na ce ni mutumin Kano ne, garinmu yana da ganuwa wadda aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu, shekara ɗari tara ke nan, Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, da ƙofofi fiye da goma kowace da sunanta da sarkinta, kuma Turawan da suka ci garin a 1903 su da kansu sun yi mamakinta. Idon tsohon ya yi haske. Ya ce in nuna masa hoto.

Na ciro waya. Na yi ta ja, na yi ta ja, har na kai hotunan zuwana gida na ƙarshe. Ga wata ƙofa ta siminti an shafe ta da fenti ruwan ƙasa, 'yan adaidaita sahu na kutsawa ta ƙarƙashinta. A gefe ga wani tudun jar ƙasa da ledoji sun maƙale a jiki, akuya a kai, shagon mai faci ya jingina da shi. Tsohon ya sa tabarau ya duba da kyau, ya ce, ina ganuwar? Na ɗora yatsa a kan tudun. Ya gyaɗa kai a hankali ya miƙo mini wayata, ya ce lallai da babba ce. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Kada wani ya ce na zauna cikin Turawa na fara raina gida. Mutanen nan ba waliyyai ba ne, ina cikinsu na sani. A 2010 wani gini a cikin Pompei da ake dangantawa da 'yan wasan takobi ya rufta saboda sakaci da ruwan sama, duniya ta yi musu ca, sai da Tarayyar Turai ta sa hannu aka zuba yuro miliyan 105 aka gyara wurin. Suna da ɓarayin da ke haƙa rami da dare su sace kayan tarihi. A 1943 ma jiragen yaƙi sun yi wa kufan ruwan bama-bamai. Erkolano, gari na biyu da muka je da yamma, rabinsa ma ba a iya tonowa ba, don sabon gari ne zaune a kansa, mata na shanya kaya a baranda suna leƙen kufan. Sannan su da dutse da tubalin ƙonawa suka yi gini, mu da ƙasa, ƙasa kuwa in ba a yaɓe ta duk shekara ba damina ce ke cinye ta. Da sarki ke kiran gayya kowace unguwa ta fito ta gyara nata ɓangaren don tsoron mahara. Yaƙi ya ƙare, gayya ta mutu. Kuma gaskiyar da ta fi duka, Pompei ta tsira ne domin ta mutu. Ba mai neman filin shago a cikinta, ba mai aurar da ɗa yana neman inda zai yi masa ɗaki. Kano kuwa tana raye, mai rai kuma dole ya ci.

Duk wannan na faɗa wa kaina a cikin bas, na kuma ji daɗinsa na kusan minti goma. Sai na tuna Agadas. Ita ma da ƙasa aka gina ta, ita ma mutane ne a ciki, amma hasumiyar masallacinta mai tsayin mita 27 tana tsaye, kuma tun 2013 tsohon garin yana cikin jerin wuraren tarihi na duniya. Mutanen Jenne a Mali duk shekara gari ke fitowa a yaɓe masallaci, ya zama biki. Badalar Kano tun 2007 take a layin masu jiran shiga jerin nan, kullum kuma raguwa take. Ashe ba laifin ƙasa ba ne.

Ba kuma zan tsaya ina nuna wa hukuma yatsa ba, don na san da wace ƙasa aka gina zauren gidanmu. Ina yaro na ga jakai suna sauke mangala a ƙofar gida da asuba, kowa ya san daga inda aka ɗebo, ba wanda ya ga abin magana, ƙasar badala ai ta fi kowace danƙo. Mu kuma da yamma mu hau kanta da kwalaye muna sulu har ƙasa, wandunanmu su yi ja. Ba wanda ya taɓa tsayar da mu ya ce kun san abin da kuke takawa kuwa? A Pompei ɗan Ba'amurkiyar nan ya sunkuya ya ɗauki tsakuwa ɗaya zai sa a aljihu, jagorar ta tsaya cak, ba faɗa ba tsawa, ta ce mayar, wannan ba tawa ba ce balle in ba ka. Wurin da yanzu sai da aka ƙayyade masu shiga zuwa dubu ashirin a rana, in kowa ya ɗauki ɗaya me zai rage? Yaron ya mayar.

Ni ba duwatsun na yi wa hassada ba, matar na yi wa. Awa biyar tana magana ba takarda a hannu, ta san wane ne mai wannan gida, me yake sayarwa, da wa suka yi rigima. Ta ba mu labarin faɗan da ya ɓarke a filin wasa a shekara ta 59 tsakanin mutanen garin da na Nuceriya, har aka hana su wasa shekara goma, tana bayarwa kamar ƙanenta aka fasa wa kai. Mu ma muna da masu sani. Kakata ta san wace ƙofa ake fita da ita in za a Zariya, wace ce ta Katsina, da dalilin sunan kowace. Akwai tsofaffi a Karofi, akwai ma'aikata a Gidan Makama da za su zauna da kai yini guda. Amma sau nawa na taka Gidan Makama a shekara ashirin da bakwai da na yi a Kano? Sau ɗaya, da makaranta ta kai mu, abin da na riƙe kuma shi ne rake da na saya a bakin ƙofa.

Muna hanyar komawa, rana ta yi ja a bayan dutsen, Ummi ta jingina da ni tana jero mini sarakunan Rum bakwai na farko a ka, daga Romolo har na ƙarshe, ba gargada. Sai ta ɗago ta ce, Baba, wane ne Gijimasu ɗin da ka faɗa wa tsohon nan? Da Italiyanci ta tambaya. Na ce sarki ne. Ta ce na nawa? Na ce na uku: Bagauda, Warisi, Gijimasu. Ta ce sai wa? Na buɗe baki na rufe. Na tsallake shekara ɗari uku na ce Rumfa. Ta ce malamarsu ba ta yarda a yi tsallake.

Shekararta goma, sau ɗaya ta ga Kano, tana goye.

Da muka isa gida na kira Hajiya. Na ce mata mun je wani tsohon gari da dutse ya binne. Ta ce, kai ɗan nan, me ya kai ka garin da aka kifar, har da yarinya? Na ce kallo ne kawai, Hajiya. Na tambaye ta ko ta tuna sarkin da ya biyo bayan Gijimasu, ta ce ita ina ta sani, wadda ta sani ai ta riga mu gidan gaskiya, in ba ta takwararta su gaisa. Na miƙa wa Ummi wayar. Ta ce, ina wuni Hajiya, lafiya lau, lafiya lau. Daga nan Hajiya ta ci gaba da magana, ina jiyo muryarta tana ta zuba, Ummi kuma ta rufe bakin wayar da hannu ta dube ni, ta ce in faɗa mata me take cewa.