Hayar ɗaki uku na biya, amma a falo iyalina ke kwana

Wallahi yau kam sai na faɗa, wanda zai ji haushi ya ji. Yanzu ƙarfe 2 na dare ya wuce, ina zaune a baranda cikin gidan sauro, mutum shida suna kwance a falona kamar sansanin gudun hijira, mahaifiyata a kan doguwar kujera, matata da yara huɗu a ƙasa an jera katifu har bakin ƙofar kicin. Ni kuma kunya ba za ta bar ni in shimfiɗa tabarma a gaban Hajiya ba, shi ya sa nake waje. Kuma fa ba wai ba mu da ɗaki ba ne, ɗaki uku da falo na kama, na biya kuɗin shekara cif ba ragin ko kwabo, har da kuɗin ejan da na lauya da wani wai kuɗin ajiya ko za mu ɓata musu gida. Ɗakuna biyu suna can a kulle babu mai iya kwana a ciki.

Gidan yana nan wajen Rijiyar Zaki a Kano, bene ne, mu ne a sama. A watan Agusta ejan ya kai ni na gani, ana tsakiyar damina, an kwana ana ruwa, ko'ina sanyi ƙalau, ga tayil yana ƙyalli ga fenti sabo ga silin na roba fari tas. Sai cewa yake Alhaji wannan gida ai iska har sai ka rufe taga. Na tambayi ruwa, na tambayi wuta, na tambayi maƙwabta, abin da ban tambaya ba shi ne wane ɗaki ne yake kallon yamma, kuma shi ejan ya sani sarai domin waɗanda suka tashi kafin mu shekara ɗaya kawai suka yi, daga baya mai shagon ƙasa ya gaya min dalilin tashinsu.

Da hunturu abin ya fara nuna kansa. A Disamba da Janairu falo lafiya lau, bargo ɗaya ya ishe ka, amma ɗakin baya da na ba Hajiya, da asuba kamar ka buɗe firji. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ta kira ni ta ce, ɗan nan a samo min kasko a zuba garwashi ko na ji ɗumi. Na ce Hajiya ki yi haƙuri wannan kam ba zan yi ba, garwashi a ɗaki a rufe ba a jin warin abin da yake fitarwa, mutum yana barci yake wucewa, duk shekara sai an ji labarin irin haka. Ta yi shiru ba ta ce komai ba, amma shirun nan ya fi min zafi da ta yi min faɗa. Na sayo bargo biyu, na toshe ƙasan ƙofa da tsumma, na manne gefen taga da salatif saboda ratar da ke tsakanin firam da bango yatsana yana shiga. Muka lallaɓa a haka.

Sai Maris ya shigo, ɗakin nan da ya fi ko'ina sanyi ya koma ya fi ko'ina zafi, shi da na yara da ke jikinsa. Na gaji da a riƙa ce min ai zafi ko'ina ake yi, sai na sayi ɗan ma'aunin zafi na dijital na riƙa ajiye shi a nan ina ajiye shi a can. Ƙarfe 9 na dare a cikin Afrilu falo 33, ɗakin Hajiya 39. Gida ɗaya, rufi ɗaya, taku goma ne tsakaninsu. Ka ɗora tafin hannunka a bangon yamma bayan sallar isha'i za ka ji shi kamar murfin tukunyar da aka sauke yanzu, man shafawar yara da aka bari a kan durowa ya narke ya zama ruwa, fanka kuwa in ka kunna ta zafin da ya taru a sama take turo maka a ka. Autarmu 'yar shekara biyu duk wuyanta da bayanta ƙurajen zafi, tana susa tana kuka har jini ya fito, uwarta ta kwana tana jiƙa tawul tana goga mata.

Na kira mai kula da gidan, domin shi mai gidan ba a ganinsa, yana Abuja. Amsar da ya ba ni ita ce, to Alhaji ka sa esi mana. Shi ke nan maganar. Na ci bashi a wurin aiki na sayi iyakwandishan ɗan kwatano mai doki ɗaya, aka haɗa ni da wani yaro wai injiniya ne, ya zo da jakarsa da tsani. Na tambaye shi doki ɗaya zai ishi ɗakin nan kuwa? Ya ce oga har sai Hajiya ta nemi bargo. Bai auna ɗakin ba, bai kalli taga ba, bai tambayi inda rana take faɗuwa ba. Na'urar waje kuma ya kafa ta a jikin wannan bangon na yamma ɗin dai, inda rana ke dukanta tun daga azahar har magariba, ya sa aka yi mata kejin ƙarfe matsattse ta kusa mannewa da bango, wai saboda ɓarayi, a saman bene fa.

Sati uku ta ɗan yi abin kirki da daddare, daga nan sai iska kawai. Na kira shi, ya zo ya taɓa bututu ya ce oga gas ya ƙare. Na biya naira 25,000. Bayan wata ɗaya gas ya ƙare. Na sake biya. Karo na uku ya ce ai zafin Kano ne yake shanye gas, kowa haka yake fama. Ni kuma ban san komai a kai ba, na ga tsohuwa tana wahala, na sake biya, dubu 75 ke nan a kan gas kaɗai cikin wata uku, kuɗin da zai yi mana cefanen sati nawa. Da na kira shi karo na huɗu wayar ma ya daina ɗagawa.

Allah ya haɗa ni da wani dattijo mai gyaran firji da esi, abokin aikina ne ya ba ni lambarsa. Ya zo a kan tsohon babur ɗinsa, ya saurare ni har na gama, sai ya ce, ɗana, gas ba fetur ba ne, ba ƙonewa yake ba, zagaye yake yi a cikin bututu a rufe, in ka ga ya ragu to wani wuri yake yoyo. Ya ce a kawo masa omo da ruwa a kofi. Ya kaɗa kumfa ya shafa a kan notin da ya haɗa bututun jan ƙarfe da na'urar waje, ina tsaye a kansa, sai ga kumfa tana kumbura tana fashewa, tana kumbura tana fashewa. Bakin bututun ne ba a buɗa shi daidai ba tun ranar da aka kafa, ya tsage. Wato yaron nan sau uku yana ɗura gas a abin da ya san yana zuba, ko kuma bai sani ba, ban san wanne ya fi muni ba. Baba ya yanke bakin ya sake shi, ya zuƙe iskar da ke ciki da ɗan injinsa kafin ya ɗura, abin da wancan bai taɓa yi ba ko sau ɗaya, ya ciro rariyar ƙurar da ke gaban na'urar ciki ya nuna min, ta toshe da jar ƙura kamar an yi mata yaɓe.

Amma abin da ya fi ɓata min rai sai da ya ce a ba shi tsani zai leƙa cikin silin. Ya zare falle ɗaya na robar ya sa kansa, ko minti ɗaya bai yi ba ya sauko gumi yana zuba daga gemunsa. Ya ce hau ka gani da idonka. Na hau. Wallahi iskar da ta bugi fuskata kamar na leƙa tandar burodi. A saman falo rufin yana da tsayi, amma ta wajen ɗakunan baya kwanon ya gangaro har bai fi kamu biyu tsakaninsa da silin ba, kwanon kuma irin siririn nan ne mai duhun launi, ba a shimfiɗa komai a ƙarƙashinsa ba, kuma duk zagayen rufin an toshe shi ruf, babu ko ƙofar iska ɗaya da zafi zai fita. Robar silin ɗin da ba ta fi kaurin kwali ba ita ce kaɗai tsakanin mahaifiyata da wannan wutar. Bangon yamma kuma bulo ne mai inci 6, ba baranda ba rumfa ba bishiya, yana shan rana yini guda ya riƙe, da dare ya sako mana ita a ciki. Taga ɗaya ce a ɗakin, ƙarama, ba wata a ɗaya bangon da iska za ta shiga nan ta fita can. Falo kuwa yana kallon gabas, baranda ta rufe shi, tagogi ta ɓangare biyu. Da hunturu kuma wannan kwanon da wannan siririn bangon su ne suke sakin ɗumi nan da nan, shi ya sa ɗakin yake zama firji.

Baba ya ce a ma'aunin ƙarfin sanyayawar esi da ake kira BTU, doki ɗaya wajen 9,000 ne, ɗaya da rabi wajen 12,000, ɗaki irin wannan da ke shan zafi ta sama da ta gefe ko ka sa babba wahala kawai zai yi ta sha, kwamfiresa ba hutu, kana sanyaya ɗaki rufi yana ɗumama shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni nawa yoyon na zafi ne kuma daga gini yake.

Ni a cikin gari na tashi, gidan kakanmu na ƙasa ne, soro da azara, kaurin bango ya kai tsawon hannu, da azahar ɗin bazara a zaure muke kwanciya ba fanka ba komai. Duk wanda yake musu ya shiga Gidan Makama da rana tsaka ya ji bambancin da waje. Ban ce a koma ginin tubali ba, amma magina na da sun san rana, sun san inda za su juya ƙofa. Yanzu mutum zai zuba miliyoyi a tayil da fitilu masu launi da ƙofar Turkiyya, amma 'yan ƙofofin iska a rufi da ba su kai kuɗin ƙofa ɗaya ba sun gagare shi, saboda ba shi zai kwana a ciki ba, ba uwarsa za ta kwana a ciki ba.

Ga kuma wuta. Tun Afrilun 2024 da aka mayar da yunit ɗaya naira 225 ga 'yan Band A, wato rukunin da aka ce sun fi kowa samun wuta, ko da aka ɗan rage daga baya bai sauko ƙasa da 200 ba, mu kuma an ce a nan muke. Esi ɗin nan in ta kwana tana aiki ba tsayawa sai ta ci yunit bakwai ko takwas, ka lissafa a wata. Ranar da aka kawo wutar da rauni kuma sitabilaiza ta yi ta ƙara kwamfiresa ta kasa tashi. Janareta kuwa tun da aka cire tallafin mai a 2023 na rufe nawa da buhu, ƙarami ne ma ba zai ja ta ba. Wani ya ce in buɗe ƙofofi in sa esi babba a falo ta wadaci gidan duka, na gwada da ta maƙwabcina a nasa ɓangaren muka gani, sanyin a falo yake tsayawa, lungun da ke kaiwa ɗakuna ma bai ƙetare ba.

Na rubuta wa mai gida abin da Baba ya lissafa, ba wani abu mai yawa ba ne. A buɗe ƙofofin iska a rufi gaba da baya a sa musu raga saboda jemagu da tsuntsaye, a shimfiɗa abin tare zafi a saman silin na ɗakuna biyun, a yi wa bangon yamma farin fenti da 'yar rumfa a saman taga, a fasa ƙaramar taga ta biyu ta sama, a matsar da na'urar waje zuwa bangon arewa inda take da inuwa. Har na ce ni zan fitar da kuɗin a cire min a hayar baɗi. Kwana goma sha ɗaya kafin amsa ta zo ta bakin mai kula da gida, wai Alhaji ya ce kar a taɓa masa gini, ko ƙusa aka buga sai an biya, kuma in sani za a yi ƙarin haya in shekara ta cika. Haba jama'a! Ƙarin haya a kan me? A kan ɗakunan da na mayar sito?

Abin da ke hannuna na yi. Na rataya asabari biyu ta wajen tagar tun daga sama, domin labulen ciki ba ya hana komai in rana ta riga ta bugi gilashi. Da rana muna rufe ɗakunan ruf, bayan magariba in buɗe in ajiye fanka a bakin taga tana kallon waje tana fitar da zafin. Ma'aunin ya sauko daga 39 zuwa 37, wani daren 36. Wa zai kwantar da tsohuwa mai hawan jini a 37?

Kuma abin da yake hana ni barci ma ba zafin ba ne kaɗai, lokacin sanƙarau ne, kullum a rediyo ma'aikatan lafiya suna cewa a guji cunkoso a ɗaki ɗaya, a bar iska tana shiga, ni kuma ga shi na tara yara huɗu da manya biyu a wuri guda saboda ba ni da yadda zan yi. Ɗazu auta ta yi tari sau biyu sai da na tashi na taɓa wuyanta.

Gobe in Allah ya kai mu zan buga hotunan ma'aunin nan da na ɗauka dare goma a jere, da hoton cikin rufin, da na bayan yarinyar, in kai wa lauyan da ya karɓi kuɗina ranar da muka sa hannu, in ce ya kira Alhajinsa a gabana. Ko a bar ni in gyara a cire a haya, ko a dawo min da kuɗin watannin da suka rage in kwashe uwata in bar musu gidansu. Baba ya ce ranar Asabar zai zo ya cire na'urar daga bangon yamma, wannan kam ba zan jira izinin kowa ba, da kuɗina na saye ta.