Kafin a Zargi TikTok, a Tambayi Wanda Ya Buɗe wa Yaro Akawun

Duk inda aka tayar da zancen matasa da kafafen sada zumunta a Sakkwato, a majalisar dattawa ne ko a taron iyaye da malamai, maganar ba ta wuce biyu. Wasu su ce a ƙwace wayoyin kowa ya huta, wasu su ce zamani ne ya zo da shi, sai addu'a. A ganina duka biyun gudun aiki ne. Babban rabon abin da ɗan shekara 14 zai gamu da shi a intanet ana yanke shi ne ranar da aka ɓare waya daga kwali aka buɗe masa akawun, kuma a gidaje da yawa ba uwa ba uba a wurin.

Ga yadda ake yi. A sayi waya a kasuwa, a miƙa wa yaron shago a ce "saita mana ita". Shi kuwa sauri yake yi, ga wasu na jira. Zai buɗe Gmail, ya ɗora Facebook da TikTok, in an zo gurbin ranar haihuwa ya danna 1998 ko 2000 don kada manhaja ta dame shi da tambaya. Kalmar sirri kuwa sau da yawa lambar wayar ce. Da wannan dannawa ɗaya yarinya 'yar aji uku na ƙaramar sakandare ta zama babbar mace a idon kamfani, duk kariyar da aka tanadar wa tsararta ta faɗi.

Kariyar kuwa ba ƙarama ba ce. A TikTok, wanda bai kai 16 ba akawun ɗinsa a rufe yake farawa kuma ba a iya aika masa saƙon sirri, wanda bai kai 18 ba ba zai yi shirin kai tsaye ba, sannan tun Maris na 2023 manhajar kan tsayar da 'yan ƙasa da 18 in sun cika minti 60 a rana. Instagram ma a 2024 ta fito da tsarin matasa mai rufe akawun ga baƙi da kashe sanarwa daga goma na dare zuwa bakwai na safe. Duk waɗannan a kan ranar haihuwa suka rataya. Ita kanta shekara 13 da kamfanonin suka sa a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga, ba likitoci ne suka ce a nan hankali ke cika ba. Ta samo asali ne daga wata dokar Amurka ta 1998 da ta hana tattara bayanan yara 'yan ƙasa da 13 ba da izinin iyaye ba.

Sai layin waya. Ƙa'idar hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ba ta yarda a yi wa wanda bai kai 18 ba rajistar layi, kuma tun Disamba 2020 ake haɗa kowane layi da NIN. Ke nan layin da ke hannun yaro da sunan yayansa yake, ko kawunsa, ko wani da ba a ma sani ba in an sayi mai rajista a bakin titi. In aka yi barazana ko damfara da layin, mai NIN za a fara nema. In kuma waya ta ɓace, layin baƙo ba ya dawowa, WhatsApp da Facebook ɗin da ke kansa sun tafi ke nan, ko su faɗa hannun wani.

Masu cewa a ƙwace su ma suna da hujja, amma su lissafa abin da za a rasa. Tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kwamfuta ake yin ta. Ɗalibi daga Gada ko Tangaza da bai taɓa zama gaban allon kwamfuta ba, waya ce kaɗai wurin da zai saba da amsa tambaya agogo na gudu kafin ya nemi gurbi a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. A YouTube akwai darussan lissafi da na kimiyya da Hausa, akwai koyon ɗinki da gyaran waya da haɗa sola. Karatun malamai da a da sai an je zaure ko an jira rediyo, yanzu yana aljihu. Abin da ya fi jan hankalina ma shi ne 'yan mata masu ɗora turaren wuta, lalle, cincin ko mayafi a sitatus na WhatsApp, a yi ciniki a turo kuɗi a aika da kaya ba su taka ƙofar gida ba. Duk wanda ya san abin da talla a tasha ke jawo wa ɗiya mace ba zai raina wannan ba. Wanda kuma ya manta 2021, lokacin da aka katse sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan saboda 'yan bindiga, ya tambayi masu albasa da masu POS yadda suka ji.

Ƙwacewar ma ba ta cika aiki ba. Yaro zai koma wayar aboki, ko ya sayi tsohuwa ya riƙa ajiye ta wurin mai caji. Bambancin kawai, yanzu in wani abu ya same shi ba zai iya faɗa a gida ba. Ostireliya ta kafa doka a Nuwamba 2024 da ta hana 'yan ƙasa da 16 mallakar akawun, ta fara aiki a Disamba 2025, amma kamfanoni ta ɗora wa tarar, ba iyaye ba, kuma ƙasa ce da kusan kowa ke da takardar haihuwa. A nan sai an sake shiri.

Illar da ta fi yawa ba ita ta fi tayar da ƙura ba: barci. Masana barci sun ce ɗan shekara 13 zuwa 18 na bukatar awa 8 zuwa 10. Kamfanonin sadarwa kuwa garaɓasar data mafi araha da dare suke sayar da ita, daga wajen tsakar dare zuwa asuba, kuma tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairu 2025 mai kuɗin kashewa kaɗan dole can zai karkata. A yi lissafi. Yaro ya ajiye waya ƙarfe biyu, a tashe shi sallar asuba wajen biyar da rabi, ya yi karatun allo, ya tafi boko, la'asar ya wuce Islamiyya. Awa uku da rabi ya samu. Malami zai ce ya zama daƙiƙi, uwa ta ce ya cika fushi, a tafi neman rubutu, alhali barci ne ake binsa bashi. Ba taurin kai kaɗai ke hana shi ajiyewa ba. Manhajar tana auna daƙiƙa nawa ya tsaya a kan kowane bidiyo da wanda ya maimaita, ta ƙaro masa irinsa, kuma jerin ba shi da ƙarshe. Sashen ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum birki kuwa sai an haura shekara ashirin yake gama nuna.

A Mayun 2023 babban jami'in lafiyar al'umma na Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi cewa matasan da ke wuce awa uku a rana a waɗannan kafafe haɗarin alamomin damuwa da ƙuncin rai ya ninka a kansu. Adalci shi ne a ce alaƙa aka gano, domin yaron da ke cikin damuwa shi ma ya fi maƙalewa a waya. Amma ko ta wane gefe aka ɗauka, awa uku ma'auni ne da uba zai iya dubawa da idonsa: a saitin Android akwai Digital Wellbeing, a iPhone akwai Screen Time, kowanne yana nuna awa nawa aka ci a kowace manhaja.

Illar da ta fi muni ita ce barazana da hoto. Salonta kusan ɗaya ne. Sabon akawun mai hoton kyakkyawar budurwa ko saurayi mai mota zai turo gaisuwa, a yi kwana biyu ana hira, a tura katin waya, a ce a koma WhatsApp. Daga nan a nemi hoto, a rantse cewa mai buɗewa sau ɗaya ne zai goge da kansa. Ai wata wayar ake sawa a ɗauke shi. Da ya shiga hannu murya ta canza: a turo kuɗi, ko ƙarin hotuna, ko a watsa wa 'yan uwa da 'yan aji, ga ma jerin sunayensu an kwafo daga Facebook. A Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya rufe akawun ɗin Instagram kusan 63,000 daga Najeriya saboda irin wannan sana'a. Kada a ɗauka 'yan mata kaɗai ake farauta, samari na cikin waɗanda masu neman kuɗi suka fi hari. A gari irin namu da hoto ɗaya kan iya rusa maganar aure ya bi zuri'a, makamin mai barazana shi ne tabbacin da yake da shi cewa yaron ya fi tsoron mahaifinsa a kan shi mai barazanar.

In ta faru, kada a biya ko kwabo, biya na farko shi ke kiran na biyu. Kada a goge hirar cikin ruɗewa. A ɗauki hoton allon saƙonnin, da sunan akawun, da lambar waya, da lambar asusun bankin da aka ce a tura kuɗi, sannan a toshe shi a kai rahoto cikin manhajar da kuma wurin 'yan sanda. Akwai shafi kyauta mai suna Take It Down na 'yan ƙasa da 18: hoton ba ya barin wayar, wata lambar shaida ce ake cirowa daga gare shi, Facebook da Instagram da TikTok su yi amfani da ita wajen tare shi. Masu turawa gaba da sunan "ku ga yadda tarbiyya ta lalace" su sani Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta ajiye ko yaɗa hoton tsiraicin wanda bai kai 18 ba. Ba duk hoto ne ma ake turawa ba. Wani daga shagon gyara ko na caji yake fita, don haka a cire memori, a kulle allo, kada a bar lambar buɗewa sai dole.

Zaurukan WhatsApp na 'yan aji su ma ba wurin wasa ba ne. Sakkwato ba ta manta Mayun 2022 ba, lokacin da saƙon murya a zauren ɗalibai ya fita waje, aka kai ga rasa rai, aka sa dokar hana fita a birni. Ya kamata kowane matashi ya san abu biyu: abin da ya faɗa a zaure ya bar hannunsa, kuma abin da aka turo masa yana tunzura shi ba shi zai yanke hukunci a kai ba. Ga kuma masu cewa "ara min asusunka a turo min kuɗi, zan ba ka dubu biyu". Mai asusun EFCC ke kamawa.

Gyaran ba ya cin rabin awa. Uba ko uwa su zauna da yaron, su buɗe akawun ɗin Google da ainihin ranar haihuwarsa, su haɗa shi da wayarsu ta Family Link, manhajar da Google ya tanadar wa iyaye. Daga nan za a iya sa waya ta kulle kanta goma na dare zuwa shida na safe, kuma ba za a sauke sabuwar manhaja ba sai an amince. TikTok na da nasa, Family Pairing. A WhatsApp a kunna tabbatarwa mai mataki biyu da lamba shida da gida kaɗai ya sani, a saita cewa sai wanda ke cikin lambobinsa zai iya jefa shi zaure, a kuma ja masa kunne kada ya karanta wa kowa lambar da ta shigo ta tes, ko da muryar malaminsa aka kira. Iyayen da ba su yi boko ba su wakilta yaya ko gwaggo mai amana, ba yaron shago ba. Doka ɗaya kuma ba ta bukatar karatu: bayan isha'i da hira, duk wayoyin yara a ɗakin Inna suke kwana. Za ta fi kama jiki in Baba ma ba a ganinsa yana latse-latse har ɗaya na dare.

Yara za su nemi hanya, wannan tabbas ne. Akwai akawun na biyu, akwai shiga ta burauza, akwai Xender da ke tura bidiyo ba data, akwai shagunan turi. Shi ya sa saiti kaɗai bai isa ba sai an haɗa da alkawari, a faɗe shi ƙarara tun ranar farko: "Ɗiyata, duk wanda ya tsorata ki a waya, ko me kika riga kika tura masa, ki zo ki gaya min. Ba zan karɓe wayar ba, ba zan dake ki ba." Cika wannan alkawari na da wuya ga uban da ransa ya ɓaci, amma wanda ya karya shi sau ɗaya ba zai sake jin labari ba sai daga bakin maƙwabta.

Saura akawun ɗin da aka riga aka buɗe da shekarun ƙarya, kuma su ne suka fi yawa. Facebook kan bari a gyara ranar haihuwa, amma sau ƙalilan. A TikTok mutum ba ya iya canzawa da kansa, sai ya aika wa kamfanin buƙata da shaida, abin ya ɗauki lokaci. Mafi sauƙi a rufe tsohon a buɗe sabo da shekarun gaskiya, da sabuwar kalmar sirri, a kan layin da aka san mai NIN ɗinsa. Yaron zai yi kukan mabiyansa, sai a zauna tare a bi jerin ɗaya bayan ɗaya, a mayar da waɗanda ya sani ido da ido.