Linux ba ya watsa fayil barkatai

Wannan maganar ta fara isata wallahi, jiya ma a Samaru wani ƙanena ɗalibi ya sake maimaita min ita, wai Linux ba shi da tsari, ka saka manhaja ɗaya sai ta warwatse ko'ina. Na gane dalilinsa, wanda ya saba da Windows yana tsammanin komai a folda guda.

Amma akwai ƙa'ida, ana ce mata FHS (Filesystem Hierarchy Standard, wato ƙa'idar inda kowane fayil zai zauna), bugu na 3.0 ya fito a 2015. Ita ba ta tara fayil bisa sunan manhaja, bisa aikinsa take rabawa. Saituna a foldar /etc, manhajar kanta ƙarƙashin /usr, abin da ke canzawa kullum kuma a /var.

Na ce masa Malam buɗe Apache ɗinka na Ubuntu mu gani (Apache manhajar sabar shafukan intanet ce, Ubuntu kuma wani nau'in Linux ne), saitin na /etc/apache2, rahoton kurakurai na /var/log/apache2, shafukan kuma /var/www/html. Amfanin wannan tsarin shi ne in za ka ajiye kwafin saitunan sabar, /etc kawai za ka kwashe, ba sai ka bi manhaja ɗaya-ɗaya ba. A Fedora, wani nau'in Linux ɗin, sunan foldar saitin Apache ne ya koma /etc/httpd, amma dai yana cikin /etc ɗin.