Motar ma ta gaya masa

Kun dai san Camry ɗin nan da na jajibo daga Kwatano bara, wadda na hana kowa sakat da zancenta. To ranar Asabar ta kunyata ni a ɗaurin auren 'yar Kawu.

Na makara, wuri ya cika, na cusa hancinta tsakanin wata Hiace da wata Hilux. Ana shafa fatiha na ce bari in sulale kafin maroƙa su gan ni. Na sa ribas. Kyamarar baya ta nuna min fili tas. Hagu da dama kuwa ba abin da nake gani sai jikin motocin mutane. Can sai ga wani yaro da ledar gyaɗa a hannu ya tsaya yana kaɗa min hannu: "Taho Alhaji, taho, ba komai."

Ina ɗaga ƙafa daga birki motar ta soma: ɗit-ɗit-ɗit-ɗit. Wata 'yar wuta ruwan lemo tana ƙyaftawa a madubin hagu, ga kibiya a allo tana nuna hagun. Uwargida ta ce, "Baban Ummi, tana kuka fa." Na ce, "Ƙyale ta, motocin Amurka ne, sun cika surutu. Ga mutum nan da idonsa yana duba min." Da bakina na faɗi wannan. Har da ɗan murmushi.

Yaro ya ce taho, mota ta ce tsaya, na zaɓi yaro.

Ƙum! Ba wani karo mai ƙarfi ba ne, don tafiyar hawainiya nake yi. Amma adaidaita sahun da ya ɓullo ta hagu ɗauke yake da kulolin abincin biki, kuma wadda ke riƙe da su gwaggon amarya ce. Kular miyar taushe ta buɗe, rabi a bambar motata, rabi a kan leshin gwaggo. Na fito da babbar riga ina "sannu Hajiya, sannu Hajiya", na waiga neman yaron, ko ƙurarsa babu. Ledar gyaɗar ma da ita ya tafi.

Duk wannan zan iya jurewa. Mai adaidaita ya yi faɗansa, mun daidaita. Gwaggo ta yi salati ta yi shiru, shirun da na san zan biya a hankali. Wanda ya tsaya min a rai shi ne tsohon nan mai rediyo da ke zama a benci ƙofar masallaci. Ba motarsa aka buga ba, ba miyarsa ba ce, ko gayyatarsa ba na jin an yi. Ya taso har da gyara hula, ya dubi jama'a ya ce, "Ai motar ma ta gaya masa. Daga can nake jin ta." Duk wanda ya iso sai ya tare shi: "Motar ma ta gaya masa." Liman ya fito, ya maimaita masa. Ango ya fito, ya maimaita masa, wannan karon har da kwaikwayon ƙarar: "ɗit-ɗit-ɗit take yi, shi kuwa yana ta zuwa." Mutumin da ko keke ban taɓa ganin ya hau ba! Shekara nawa ina gaishe shi, da azumi har sukari na kai masa.

Washegari mai wayarin ɗina ya ƙarasa ni. Ya ɗora hannu a kusurwar bambar ya ce a nan ciki akwai rada, wato na'urar da ke hango abin hawan da ke tahowa, ɗaya hagu ɗaya dama, su ne kuma suke kunna wutar madubi idan mota ta maƙale a gefenka kan titi. Da ka sa ribas sai su leƙa gefe da gefe, inda kyamara ba ta kaiwa, kai kuma Hiace ta tare maka. Wutsiyar mota ai ta riga idonka fita, shi ya sa take riga ka gani. Ya ce wasu motocin har birki suke kamawa da kansu, tawa dai gargaɗi kawai take yi, sauran aikin na ƙafata ne. Ya ƙara da cewa kada in dogara da ita a kan ɗan yaro ko mai keke, kuma in laka ta lulluɓe wurin tana iya makancewa. Sannan ya tuna min, a gaban yaransa, cewa watan jiya ni ne na zo ina roƙonsa ya kashe min ƙarar nan.

Yanzu radar hagun ta goce, sai an saita ta da kwamfuta. Jiya na wuce ta ƙofar masallacin a ƙafa, tsohon bai ce komai ba, rediyonsa kawai ya rage wa murya. Har yau kuma but ɗin warin daddawa yake yi.