Wa Ya Aiko Ka?

Litinin ce, ranar kasuwar Maraɗi, tsakiyar watan Agusta. Alhaji Mai Sito na zaune bakin rumfarsa, Wanzami ya aske masa rabin kai. Sai ga Ɗan Kabu-kabu ya ci burki, ƙafafunsa duk taɓo.

Ɗan Kabu-kabu: Alhaji! Gulbi ya kawo! Ruwa ya kai bakin sitonka na gangare, inda ka jibge gero!

Alhaji: Ba sallama? Wa ya aiko ka?

Ɗan Kabu-kabu: Salamu alaikum. Ba wanda ya aiko ni, da idona na gani.

Alhaji: Idon da bai ga jakin mai ruwa ba ranar Juma'a, har ka kayar da ni ƙofar masallaci?

Ɗan Kabu-kabu: Jakin ne ya shigo mani hannu.

Alhaji: Kwana huɗu ko yayyafi ba a yi ba garin nan. Ina gulbin ya samo ruwa? Rance ya ci?

Ɗan Kabu-kabu: Ruwan Najeriya ne. In aka zuba shi wajen Katsina, ta Jibiya yake biyowa, ya ratso ƙasar Madarunfa, ya iske mu ana ƙwalla rana.

Alhaji: Ji min yaro. Ko lakkol bai ƙare ba, zai koya mani hanyar ruwa.

Wanzami: Alhaji, da an tura wani ya leƙa. Buhu 300 fa, kuma tun kaka kake jiran tiya ta yi tsada.

Alhaji: Kai dai riƙe kan da aka biya ka. Yaro, ungo dala ashirin ka sha ruwan sanyi.

Ɗan Kabu-kabu: Ai ruwan na baro, Alhaji.

Da zai tafi, Wanzami ya ƙyafta masa ido, ya nuna masa da haɓa rumfar mai wanki da guga. Ba a jima ba sai ga wani mutum cikin shuɗiyar shadda mai ɗaukar ido, da rawani, da baƙin tabarau, da takardu a hammata, yana tafiya kamar mai tsoron fasa ƙasa. Alhaji ya miƙe zumbur, kumfa na gangaro masa kunne.

Alhaji: Marhaba, ranka shi daɗe! A kawo kujera! A kawo lemu mai sanyi! Daga ina?

Baƙo: Daga Yamai.

Alhaji: Wane biro?

Baƙo: Na sama da wanda ka sani.

Alhaji: Ikon Allah! Wanzami, ka ga babban mushe.

Wanzami: Na gani. Har warinsa na fara ji.

Baƙo (ya buɗe takarda a juye): Gulbi ya kawo. Ruwan Najeriya ne, ta Jibiya ya biyo, ya ratso ƙasar Madarunfa. Yanzu haka yana bakin sitonka.

Alhaji: Allahu akbar! Ka ji ilimi! Ta Jibiya! Shi ya sa ba mu ga hadari ba!

Wanzami: Kamar na taɓa jin wannan magana yau.

Alhaji: Wancan surutu ya yi, wannan bayani ne. Ranka shi daɗe, ni ai kullum ina gaya wa yaran nan kada a yi wasa da gulbi. Mahaifina ya sha ba mu labarin 1945, da ruwa ya cinye tsohon gari can ƙasa, dole aka kwaso aka hawo tudu. Amma yaran zamani ba su jin magana. Direba! Tada kamiyo! A tara 'yan dako!

Ya zura hannu aljihu, ya zaro jikka goma, ya miƙa da hannu biyu.

Alhaji: Tukwici, ba yawa. Ni tun daga nesa na san mutumin kirki ne. Mai irin wannan shadda ba ya ƙarya. Duk Maraɗi mu biyu ne masu ita, ni da kai. Kai, har ɗinkin irin nawa. Har ma da ƙunar guga a bakin aljihu, sak tawa...

Mai Wanki (da gudu, yana haki): Kai ɗan banza! Minti goma ka ce! Tuɓe wa mutane riga kafin mai ita ya... Af. Barka da rana, Alhaji.

Aka yi tsit. Alhaji ya sa yatsa biyu ya zare tabarau daga fuskar baƙon.

Alhaji: Direba! Kashe kamiyo! Ƙarya ce!

Ɗan Kabu-kabu: Wallahi Alhaji ruwan na nan, ƙaruwa ma yake.

Alhaji: Na Yamai ne ya ce akwai ruwa, kuma babu na Yamai. To ina ruwan zai fito?

Wanzami: Maganar dai ita ce, ko harafi ba a canza ba.

Alhaji: Bakin aka canza.

Wanzami: Bakin ma shi ne. Rigar ce ta ƙaru.

Alhaji ya yi shiru, yana shafa gefen kan da aka aske.

Wanzami: Ga shawara. Tunda rigar ba ta ƙarya, kuma taka ce, saka ta mu ji me za ta ce.

Aka tuɓe yaro, ya koma daga shi sai singileti. Alhaji ya zura shaddar, ya gyara kafaɗa, ya karɓi takardun ya sa a hammata. Ya ɗan saurara kamar mai jiran kiran salla. Sai idonsa ya fito waje.

Alhaji: Innalillahi! Gerona! Kuna zaune gulbi ya kawo, ba wanda ya gaya mani? Direba, uban me kake jira?

Ɗan Kabu-kabu: Kamiyo ba ya shiga gangaren yanzu, hanya ta jiƙe. Hau in kai ka.

Alhaji ya haye bayan babur da rabin aski, rigar na kaɗawa.

Alhaji: Bi sannu, akwai jakuna. Kuma miƙo jikka goman nan, ai ni na kawo labarin.