Wutar kara a filin motsa jiki

Da asubar yau na isa filin da nake gudu, na tarar mu huɗu ne kacal. Na durƙusa ina ɗaure igiyar takalmi, raina a ɓace. A makon farko na Janairu, wallahi sai ka yi ta kauce-kauce kafin ka samu hanyar wucewa a filin nan. Samari da 'yan mata, kowa da sabon takalmi, da gorar ruwa, da agogo mai ƙirga taku. Yau ina suke?

A hanyar dawowa na ci karo da ɗayansu, yaron da ya rantse mini kullum sai ya yi kilomita 10, har yana yi mini dariya wai ina gudu kamar mai tausayin ƙasa. Na ce, "Ƙanena, lafiya ba a ganinka?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Yaya, zafi ya yi yawa, bari a sha iska tukuna." Watan jiya mura ce ta hana shi. In ruwa ya sauka kuma zai ce fili ya jiƙe. Mai neman uzuri shekara ba ta taɓa hana shi.

Ƙannena, abin da ke damuna da ku ba rashin farawa ba ne. Farawa kam kun iya. Wutar kara gare ku: ta tashi bal-bal, kafin a ɗora tukunya ta zama toka. Mutum ya shekara bai taka ko'ina ba, rana ɗaya ya zo zai rama bashin shekara a mako guda. Ya yi gudu har ya ga duhu-duhu, ya ɗaga ƙarfen da ya fi ƙarfinsa don wani na kallo. Kwana biyu ya kasa durƙusawa, ya ce motsa jiki bai karɓe shi ba. To ai wannan tsamin jikin sananne ne, yakan tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72 bayan aikin da jiki bai saba ba, sannan ya lafa da kansa. Zafin nema ba ya kawo samu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin takaicin, jiki ba ya ajiye maka abin da ka tara. In ka daina, cikin mako biyu zuwa uku numfashinka zai fara gaya maka, matakalar da kake haurawa a guje sai ka tsaya a tsakiya kana haki. Ƙarfin tsoka yakan ɗan jima kafin ya zube, amma shi ma tafiya yake. Ke nan mai wutar kara kullum a farkon hanya yake. Wahalar farawa yake sha sau uku, sau huɗu a shekara, daɗin kuwa bai taɓa ɗanɗanawa ba, don daɗin yana can gaba, inda bai taɓa kaiwa ba.

Kuma me aka nema a wurinku? Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, cewa ta yi baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Minti 30 sau biyar ya kai ka 150. Wanne ne a cikinku ba ya ƙona fiye da haka a kan waya kafin ya tashi daga shimfiɗa? Duk da haka hukumar ta ce a 2022 kashi 31 cikin 100 na baligan duniya ba su kai wannan ɗan ma'aunin ba.

Tunda na ambaci waya, bari in faɗa. Wasunku hoto ya kawo su. A jingina waya, a ɗaga ƙarfe sau uku, a goge zufar da babu, a ɗora a Instagram. Ranar da masu yabo suka ragu, himma ta mutu. Balle masu neman gajeriyar hanya, masu shan ƙwayoyi da allurar kumbura damtse, suna wasa da hantarsu da zuciyarsu don riga ta matse. Allah ya shirye ku, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Kada wanda ya ce mini yana jiran ranar da zai ji sha'awa. Sha'awa baƙuwa ce, yau ta kwana, gobe ta yi sammako. Sabo ake nema. Wani bincike da aka yi a Kwalejin Jami'ar Landan ya nuna sabon hali yakan ɗauki kimanin kwana 66 kafin ya zauna, wasu ma har sama da kwana 200, kuma tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Ku kuwa a kwana 20 kuke jefar da takalmi ƙarƙashin gado. Ku rage, ku dai riƙe. Ranar da jiki ya ƙi, a yi kaɗan. Yau da gobe ai shi ya sa allura ginin rijiya.

Da muna tasowa, waɗanda muka tarar a fili ba su da agogo mai ƙirga komai. Takalmi ɗaya har ya huje, wando ɗaya har ya koɗe, amma in ba ka ga mutum kwana biyu ba, to ka je dubiya. Alkawari yana da nauyi a lokacin, ko da da kanka ka ƙulla shi. Ɗayansu yana nan har yau, gemu fari fat, yana cikin mu huɗun da na ce. Da na gaishe shi ya dubi filin, ya girgiza kai, ya ce, "Yaran nan sun tafi ke nan?" Ban samu amsar ba shi ba. Ya gyara hularsa ya shiga zagaye na shida.